Great Gable: Tsaunin da ake hawa a ƙarshen kaka domin tunawa da waɗanda ba su dawo ba

A ranar Lahadi ta biyu ta watan Nuwamban kowace shekara, tun gari bai gama wayewa ba, ɗaruruwan mutane kan ajiye motocinsu a gefen 'yan siraran hanyoyin da suka ratsa kwarurukan arewa maso yammacin Ingila, su ɗaure takalma, su saɓa jakunkuna, su nufi ƙololuwar wani tsauni mai suna Great Gable. A cikinsu akwai tsofaffi masu dogara sanda, akwai matasa, akwai iyaye da 'ya'yansu. Burinsu ɗaya ne: su isa sama kafin ƙarfe 11 na safe, su tsaya tsit na minti biyu a gaban wani allon tagulla da aka kafa a jikin dutse, sa'annan su sauko kafin duhu ya cim musu.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya tambaya: me zai sa mutum ya baro ɗakinsa mai ɗumi, a lokacin da sanyi ya kunno kai, ya hau dutse cikin iska da hazo saboda shirun minti biyu? Amsar tana cikin tarihin tsaunin kansa, da yadda aka yi ya fita daga hannun mai shi ya zama na kowa da kowa, da kuma nauyin da wannan kyauta ta ɗora wa duk wanda ya taka shi.

Ƙasar tafkuna da duwatsu

Great Gable yana tsakiyar yankin da Turawan Ingila ke kira Lake District, wato Yankin Tafkuna, a lardin Cumbria da ke kusa da iyakar Sikotlan. An ayyana yankin a matsayin gandun ƙasa a shekarar 1951, kuma faɗinsa a yau ya kai murabba'in kilomita 2,362. A shekarar 2017 Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A nan ne ake samun Scafell Pike, tsauni mafi tsawo a Ingila mai mita 978, da Windermere, tafki mafi girma a ƙasar, da kuma Wastwater, wanda ya fi dukkan tafkunan Ingila zurfi, domin zurfinsa ya kai mita 79.

Shi kuwa Great Gable tsawonsa mita 899 ne daga saman teku. A ma'aunin Najeriya wannan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, tunda garin Jos ma yana zaune ne a kan tudun da ya haura mita 1,200. Sai dai tsaunukan Cumbria suna tasowa ne kusan daga bakin teku, suna kuma fuskantar iskar da ke kaɗowa daga Tekun Atlantika kai tsaye, babu abin da ya tare ta. Saboda haka gajartarsu tana yaudarar baƙo.

Masana ilimin ƙasa sun bayyana cewa duwatsun tsakiyar yankin, har da Great Gable, sun samo asali ne daga aman wutar duwatsu kimanin shekaru miliyan 450 da suka shuɗe. Wannan ne ya sa suke da tauri da kaifi, masu tsagewa su bar katangu a tsaye. Daga baya, a zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, manyan kogunan ƙanƙara sun riƙa gangarowa a hankali daga tsakiyar tsaunukan, suna sassaƙe ƙasa, suna haƙa dogayen kwaruruka masu zurfi. Da ƙanƙarar ta narke, fiye da shekaru 10,000 da suka wuce, ruwa ya cike ramukan, aka sami dogayen tafkuna a ƙasa da 'yan ƙananan tafkuna a can sama tsakanin duwatsu.

Kwarurukan sun bazu ne daga tsakiya zuwa kowace kusurwa. Mawaƙin nan ɗan yankin, William Wordsworth, a littafin jagorar da ya rubuta game da tafkunan, ya kwatanta su da sandunan ƙafar keke, ya kuma sanya cibiyar tsakanin Great Gable da Scafell. Hoton Great Gable a tsaye a ƙarshen tafkin Wastwater shi ne tambarin hukumar gandun har yau.

Ƙarshen kaka a can

Kalmar kaka a wurin Bahaushe tana tuna masa da girbi da sabon hatsi da busasshiyar iska. A Ingila lokacin da ke tsakanin bazararsu da hunturunsu shi ake fassarawa da kaka, amma ƙarshensa, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokaci ne na ruwa da duhu. Ganyen itatuwan kwari kan rine ya koma rawaya da ja kafin ya zube. Wani tsiro mai faɗin ganye da ke lulluɓe gangaren tsaunuka kan bushe ya koma launin tsatsa, ta yadda idan rana ta leƙo ta tsakanin gajimare sai gangaren ya yi jawur a kan baƙin ruwan tafki. Masu sha'awar hawa da yawa sun fi son wannan lokaci, saboda cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya ragu, iska ta yi garau, kuma akan wayi gari hazo ya kwanta a cikin kwari alhali ƙololuwa tana cikin hasken rana.

Amma kwanakin sun gajarce ƙwarai. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogon Birtaniya baya da awa ɗaya. Zuwa tsakiyar Nuwamba rana kan fito ne wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma. Wanda ya saba da watan Yuni, lokacin da haske ke kaiwa kusan ƙarfe goma na dare, yana iya yin kuskuren lissafi cikin sauƙi.

Sai kuma ruwan sama. Ƙauyen Seathwaite, inda mafi yawan masu hawa Great Gable ke farawa, an san shi da kasancewa wurin da mutane ke zaune mafi samun ruwa a Ingila, domin yakan sami fiye da milimita 3,000 a shekara. A watan Nuwamban 2009 an auna milimita 316 a nan cikin awa 24, abin da ya haddasa ambaliyar da ta mamaye garin Cockermouth, ta kuma karya gadoji a Workington. A Disamban 2015 mashigar Honister da ke kusa ta sami milimita 341 cikin awa 24, adadin da ya kafa tarihi a Birtaniya. Wannan ya kai kusan rabin ruwan da Sakkwato ke samu a daminar shekara guda.

Daga Seathwaite zuwa ƙololuwa

Hanyoyi uku ne suka fi shahara: daga Wasdale Head ta kudu maso yamma, daga mashigar Honister ta arewa, da kuma daga Seathwaite a kwarin Borrowdale. Wanda ya zaɓi ta ƙarshen zai fara ne ta ratsa harabar wata gona, ya bi gefen ƙorama har zuwa gadar Stockley, tsohuwar gadar dutse da fatake ke bi da dawakan kaya a zamanin da. A gangaren da ke saman wannan ƙauye ne aka gano ma'adinin baƙin dutsen nan da ake yin fensir da shi tun a ƙarni na 16, wanda makiyaya suka fara amfani da shi wajen yi wa tumaki alama kafin ya haifar da masana'antar fensir a garin Keswick.

Daga gadar hanya ta miƙe sama, ta bi ta saman wani magangarin ruwa, ta shiga wani kwari mai duwatsu har ta kai ga Styhead Tarn, ɗan ƙaramin tafki da ke kwance a gindin tsaunin. Mutanen yankin suna kiran irin wannan tafki tarn, tsauni kuma fell, ƙorama beck. Kalmomin gado ne daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a kwarurukan kimanin shekaru 1,000 da suka wuce.

Gaba kaɗan da tafkin akwai mashigar Sty Head, mahaɗar hanyoyi da dama, inda aka ajiye wani babban akwati na masu ceto, wanda aka tanada domin gadon ɗaukar wanda ya ji rauni. Ganin akwatin kaɗai ya ishi mai hankali gargaɗi. Daga nan sai hawa mai tsanani a kan matakalar duwatsun da aka jera da hannu, har a isa saman tsaunin, wanda fili ne cike da tarin duwatsu. Mutum mai matsakaicin ƙarfi kan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku daga ƙauyen.

Idan aka dace da rana mai haske, ladan wahalar yana da yawa. 'Yan taku kaɗan kudu da ƙololuwa akwai wani tarin duwatsu da wasu 'yan'uwa biyu masu suna Westmorland suka gina a 1876, domin nuna wurin da suke ganin babu kamarsa wajen kallo a duk yankin. Daga nan ƙasa ta yanke a gaban mutum. Can ƙasa ana hango gonakin Wasdale Head da aka rarraba da katangun dutse, bayansu ga tafkin Wastwater a miƙe, da gangaren tsakuwa da ke zubowa cikinsa daga gefe ɗaya. Bayan tafkin ga teku, wani lokaci har da Tsibirin Man. A hagu kuwa ga katangun Scafell baƙi ƙirin.

A ƙarƙashin wannan wuri ne duwatsun Napes suke, cikinsu har da wani siririn dutse a tsaye kamar allura. A shekarar 1886 Walter Parry Haskett Smith ya hau shi shi kaɗai ba tare da igiya ba, kuma marubuta tarihi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin mafarin wasan hawan duwatsu a Ingila.

Yadda tsauni ya zama waƙafi

Masu bin sawun Haskett Smith su ne suka kafa ƙungiyar Fell and Rock Climbing Club a 1906. Shekaru takwas bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, mambobinta da dama suka tafi fagen fama, 20 daga cikinsu ba su dawo ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Siegfried Herford, wanda a 1914 ya jagoranci hawan wata katangar Scafell da a lokacin ake ganin ita ce mafi wuya a ƙasar, aka kuma kashe shi a Faransa a 1916.

Bayan yaƙin, garuruwan Birtaniya sun yi ta gina ginshiƙai da gumaka domin tunawa da matattunsu. Ƙungiyar ta bi wata hanya dabam. A 1923 ta tara kuɗi ta sayi kimanin eka 3,000 na saman tsaunuka, wanda ya haɗa da ƙololuwa 12 ciki har da Great Gable, ta miƙa wa National Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1895 domin adana filaye da gine-ginen tarihi, bisa sharaɗin cewa kowa zai iya taka wurin har abada. A ranar 8 ga Yunin 1924 aka buɗe allon tagulla mai ɗauke da sunayen mamatan da taswirar ƙasar da aka bayar. Wanda ya yi jawabi a wurin shi ne Geoffrey Winthrop Young, fitaccen mai hawan tsaunuka da ya rasa ƙafa ɗaya a yaƙin. Kafin haka, a 1919, Lord Leconfield ya bayar da ƙololuwar Scafell Pike da irin wannan niyya, domin tunawa da mutanen yankin da suka mutu.

Muhimmancin kyautar yana fitowa ne idan aka tuna cewa a wancan zamani yawancin tsaunukan Ingila mallakin attajirai ne, kuma a wasu yankuna masu gadi kan kori talakan da ya kuskura ya shiga. A Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka kutsa da gangan cikin tudun Kinder Scout da ke kusa da Manchester domin nuna adawa da hakan, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 1949 aka yi dokar kafa gandayen ƙasa, sai kuma a shekarar 2000 aka yi dokar da ta bai wa jama'a 'yancin yawo a kan tsaunuka da filayen da ba a noma a Ingila da Wales. Abin da Bahaushe zai kira waƙafi ke nan ƙungiyar ta yi, shekaru da dama kafin doka ta biyo baya.

Ƙarfe 11 na safe kuwa tuni ne ga sa'ar da aka tsagaita wuta a ranar 11 ga Nuwamban 1918. Sojojin Najeriya ma sun fafata a wannan yaƙi, a Kamaru da Gabashin Afirka, kuma a da Najeriya tana bikin tunawa da mazan jiya ne a watan Nuwamba, kafin a mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya zo ƙarshe a 1970. A saman Great Gable babu fareti, babu ganguna. Akan yi taƙaitaccen jawabi, a yi shiru, jama'a su watse.

Inda haɗarin yake

Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi a ma'aunin Salshiyas a duk hawan mita 1,000. Ke nan idan kwari yana kan digiri bakwai, ƙololuwa tana iya zama kan biyu, idan kuma aka haɗa da iska mai ƙarfi da jiƙaƙƙen tufafi, jiki zai ji kamar an sauka ƙasa da sifiri. Wanda ya gurɗe a ƙafa ya kasa tafiya yana iya shiga halin da zafin jikinsa zai faɗi ƙasa da kima, ya fara rawar ɗari, tunaninsa ya rikice, kuma hakan yana kisa.

Babbar matsalar Great Gable ita ce hazo. Samansa duk duwatsu ne masu kama da juna, hanyoyin sauka ba su fito fili ba, ga katangu a arewa da kudu. Idan gajimare ya sauko, mutum kan kasa ganin abin da ke taku goma a gabansa. Wanda ya yi sa'a zai tsinci kansa a wani kwari dabam, nesa da motarsa. Wanda bai yi ba zai nufi bakin katanga. Shi ya sa ƙwararru ke nanata cewa taswirar takarda da kamfas, da sanin yadda ake aiki da su, su ne abin dogaro, domin sanyi yana shanye batirin waya, kuma sabis ba ya samuwa a kwaruruka da yawa. Suna kuma ƙarawa da tocila, da rigar ruwa, da tufafin ɗumi, da guzuri, da usur. Busa shida a jere, a dakata minti ɗaya a maimaita, ita ce alamar neman agaji da aka sani a tsaunuka.

Masu amsa wannan kira 'yan sa-kai ne. Tarihinsu ma yana da alaƙa da Great Gable. A 1946 Wilfrid Noyce, wanda daga baya ya kasance cikin tawagar da ta ci Everest a 1953, ya faɗi a jikin tsaunin ya karya ƙafa, aka kwana ana fama kafin a sauko da shi. Wahalar da aka sha ta sa Kanar Horace Westmorland ya kafa ƙungiyar ceto a 1947, wadda a yau ake kira ta Keswick. Yanzu akwai irin waɗannan ƙungiyoyi a duk manyan kwarurukan yankin. Mambobinsu likitoci ne da malamai da manoma da masu shaguna, waɗanda kan bar aiki ko barci idan aka kira lamba 999 aka nemi 'yan sanda su turo su. Ba a biyan su albashi, ba sa karɓar ko kwabo daga wanda suka ceta, kuma da gudummawar jama'a suke sayen motoci da kayan aiki. Duk wanda ya hau ba shiri, to ya sani ran waɗannan bayin Allah ma ya saka cikin haɗari.

Makiyaya da sawun baƙi

Tsaunukan ba fanko ba ne. Mai hawa a Nuwamba zai ci karo da tumakin Herdwick, masu tokar gashi da farar fuska, waɗanda ke jure sanyin da zai halaka wasu nau'o'in. Ana sakin su a filin kiwo na haɗaka ba tare da shinge ba, amma kowace tunkiya ta san yankin garkenta, domin daga uwarta ta koya, ita ma haka za ta koya wa ɗanta. A wannan lokaci ne makiyaya da karnukansu ke tattaro garkuna zuwa kwari domin barbara. Kowace gona tana da alamarta ta fenti a gashi da tsaga a kunne, kuma tun da daɗewa makiyaya kan yi taron kaka inda ake mayar wa kowa ɓatattun tumakinsa. Marubuciyar littattafan yara, Beatrix Potter, wadda ta shahara da kiwon wannan nau'i, ta bar wa National Trust fiye da eka 4,000 da gonaki lokacin da ta rasu a 1943. Wannan tsohon tsarin kiwo yana cikin dalilan da UNESCO ta duba wajen karrama yankin.

Yawan masoya kuma ya zama nauyi. Tsakanin 1955 da 1966 Alfred Wainwright ya wallafa littattafai bakwai da ya rubuta ya kuma zana da hannunsa, inda ya bayyana hanyoyin hawa tsaunuka 214, kuma har yau dubban mutane na ƙoƙarin kammala su duka. Miliyoyin baƙi na zuwa yankin kowace shekara. Takalma kan kashe ciyawa, ruwan sama ya bi sawun ya haƙa rami, ƙasar da ta zaizaye ta gangara cikin tafkuna. Wani shiri mai suna Fix the Fells yana gyaran hanyoyin ta hanyar jera duwatsu da hannu, wani lokaci jirgi mai saukar ungulu ne ke kai duwatsun sama. Matakalar da ake bi daga Sty Head irin wannan aiki ne, kuma roƙon ma'aikatan shi ne a taka kan dutsen, a bar ciyawar gefe.

Da ƙarfe 11 da 'yan mintoci taron saman Great Gable kan fara raguwa. Wasu su zauna a bayan dutse su sha shayi mai zafi, wasu su tsaya su karanta sunayen nan 20 ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗewa, domin sauka a kan jiƙaƙƙen dutse ta fi hawa yawan kawo rauni, kuma sa'o'in haske biyar kacal suka rage. Kafin ƙarfe huɗu yawancinsu sun ƙetare gadar Stockley, inuwa ta rufe kwarin Borrowdale, an fara kunna fitilu a gonar Seathwaite. Waɗanda suka makara akan hango tocilolinsu jefi-jefi a gangare, suna saukowa a hankali.